Dawa da Riɗi: "Is" Ne Ko "Are"?

Gedambaliya tana kusa da birnin Gadarif, a gabashin Sudan, a kan baƙar laka wadda ke dardarewa da rani, ta kuma riƙe ƙafar mutum da damina. A wannan fili ne gwamnatin Turawan Ingila ta fara gwada noman damina da tarakta a tsakiyar shekarun 1940, daga nan salon ya bazu har jihar Gadarif ta zama rumbun ƙasar. Hausawa sun daɗe a yankin. Wasu jikokin alhazai ne da suka kamo hanyar Makka a ƙafa, suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ya kai bakin kogin Nilu mai fitowa daga Habasha, inda aka kafa garin Mai Wurno. Da aka buɗe manyan gonaki, hannayensu na cikin waɗanda suka nome ciyawa suka yanki amfani.

Ka tambayi kowa a can me ƙasar ke bayarwa, zai ce maka dawa da riɗi su ne arzikin Gadarif. To, a sa ɗan sakandare ya rubuta wannan magana da Turanci. Zai fara lafiya lau: "Sorghum and sesame", sai alƙalami ya tsaya. Me zai biyo baya, "is" ko "are"? Kalmar da ke dab da gurbin, "sesame", tilo ce. Abin da ke jira a gaba, "the wealth of Gedaref", shi ma tilo ne. Duk inda ido ya waiga tilo yake gani. Amma amsar ita ce "are": "Sorghum and sesame are the wealth of Gedaref." Kuma yaron ya riga ya faɗi amsar da bakinsa tun kafin ya ɗauki alƙalami, lokacin da ya ce "su ne", bai ce "shi ne" ba.

Bahaushen Gedambaliya da Hausa ya buɗe baki, da Larabci yake karatu da ciniki, Turanci kuwa darasi ne guda a cikin darussa. Haka tsarin yake tun da aka fara mayar da koyarwar sakandare zuwa Larabci a 1965, jami'o'i suka bi sahu a 1990. Iyayensa da yayyensa da littattafan SPINE suka koyi Turanci, ƙannensa SMILE suka tarar. Amma bukatar Turancin ba ta ragu ba. Yana cikin jarrabawar shahadar Sudan, wadda ita ce ƙofar shiga Jami'ar Gadarif da sauran jami'o'i. Tun da 'yan gudun hijirar Tigray suka cika sansanin Um Rakuba a ƙarshen 2020, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro dubban iyalai daga Hartum da Jazira zuwa Gadarif, ƙungiyoyin agaji suka yawaita, kuma takardar neman aiki da rahoto a wajensu galibi da Turanci ake rubutawa. Mai sayen riɗi daga ƙetare ma sau da yawa da Turancin yake aiko da saƙo.

A ganina, ɗalibin da ke da Hausa da Larabci a kansa ba da hannu biyu a sake yake shiga wannan darasi ba. Kowanne cikin harsunan nan yana da tasa hanyar daidaita mai aiki da aikinsa. Turanci kuma a wani wurin yana tafiya kamar Hausa, a wani wurin kamar Larabci, a wurare kaɗan ya saɓa wa dukansu. Wanda ya gane inda suka haɗu da inda suka rabu ya huta da haddar dogon jerin dokokin da ake rubuta masa a allo, ya kwafa, ya manta bayan jarrabawa. Abin takaici ne a ce malami da ɗalibai duk suna jin Hausa, duk sun yi nahawun Larabci, amma a ajiye waɗannan biyu a bakin ƙofa idan lokacin darasin Turanci ya yi.

Dokar da ake magana a kanta ita ce ta jituwar aikau da aikatau. Aikau shi ne wanda jimla ke ba da labarinsa, fa'ili ko mubtada'i a bakin masu nahawun Larabci, aikatau kuma shi ne fi'ili. Turanci na son siffar aikatau ta nuna ko aikau ɗaya ne ko ya fi ɗaya. Filin rigimar ƙarami ne ƙwarai. Akwai "is" da "are", "was" da "were", "has" da "have", "does" da "do", sai kuma harafin "s" da ake liƙa wa aikatau a lokaci na yanzu. Shi ke nan. A shuɗaɗɗen lokaci, in ban da "was" da "were", babu abin da ke sauyawa: "came" ne ga mutum ɗaya, "came" ne ga mutum ɗari. "Can", "will", "must" da 'yan'uwansu ma ba su san tilo ba, ba su san jam'i ba.

Harafin "s" ɗin ne ke da rikitarwa, domin aiki biyu yake yi masu karo da juna. A kan suna yana nufin jam'i, a kan aikatau yana nufin tilo. "The lorry carries", mota ɗaya. "The lorries carry", motoci da yawa. Da aka haɗa sunaye biyu sai a sami "Musa and Audu drive", jimlar da babu kalmar da ta ƙare da "s" a cikinta ko ɗaya. Yaron da aka koya wa cewa "s" alamar yawa ce sai ya ga kamar an manta da wani abu, ya ƙara shi, ya rubuta "drives", yana ganin ya kyauta wa jam'i. Wannan kuskure ba na sakaci ba ne, na bin doka ne a inda ba ta aiki. Ba haka Turanci yake ba tun asali. Shekaru dubu da suka wuce aikatau ɗinsa yana da ɗafa-ƙeya iri-iri, kusan yadda fi'ilin Larabci ke sauyawa, sannu a hankali suka zube. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ana ganin "eth" a inda yau ake sa "s". Shi "s" ɗin daga arewacin Ingila ya gangaro kudu har ya kori "eth", ya zama ɗan abin da ya rage.

A Hausa aikatau bai damu da wannan ba. "Zo" ɗin da ke cikin "Musa ya zo" shi ne a cikin "Binta ta zo" da "Musa da Binta sun zo". Zagin aikatau ne ke ɗaukar nauyin jituwa, wato su ya, ta, sun, yana, tana, suna. Kuma Bahaushe ba ya tuntuɓe a nan. Ko yaro ɗan shekara biyar ba zai ce "Musa da Binta ya zo" ba, domin kunnensa yana lissafi: ɗaya da ɗaya biyu ne, biyu kuwa "sun" ne. Babbar dokar Turanci ke nan ba ƙari ba ragi. Sunaye biyu ko fiye da aka haɗa da "and" jam'i ne: "Musa and Binta are here." Haka ma "both Musa and Binta", wanda ya yi daidai da namu "da Musa da Binta". Ko da abubuwan ba masu ƙirguwa ba ne, kamar ruwa da mai, haɗa su ya mai da su biyu. Saboda haka gwajin farko mai sauƙi ne. Ka faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka, ka saurari zagin da ya fito. In "sun" ne ko "suna", a mafi yawan lokuta "are" ne ko "have".

Larabcin makaranta kuwa wata hanya ya bi, wadda duk wanda ya karanci Ajurumiyya ko Alfiyyar Ibn Malik a zaure ya sani. Idan fi'ili ya zo a gaba, tilo yake zama komai yawan fa'ilan da ke bayansa: "ja'a Musa wa Ahmadu". Kuma wajen jinsi na kusa da shi yake kallo: "ja'at Faɗimatu wa Musa". Sai in sunayen sun riga fi'ili sannan ya ɗauki alifin musanna ko wawun jam'i. Ga kuma wata doka: jam'in abin da ba mai hankali ba ana mu'amala da shi kamar mace ɗaya, shi ya sa "al-as'aru irtafa'at". Larabcin kasuwar Gadarif ya fi sassauci, ana cewa "Musa wa Ahmad jo", amma abin da yaro ke rubutawa a aji fusha ne, kuma hannunsa ya saba da shi. Daga nan "The prices has risen" ke fitowa, alhali "have risen" ake so. Turanci bai raba jam'in mutane da na kaya ba, kamar yadda Hausa ma ba ta raba ba: motoci sun zo, mutane sun zo.

Sabon nan na fi'ili a gaba ya fi cutarwa wajen tambaya, domin a nan ne Turanci ke juya jimla. "Where are Musa and his sister?" Ido yana ganin Musa shi kaɗai dab da aikatau, sai hannu ya so rubuta "is". A Turanci matsayin aikatau bai sauya lissafi ba, ko yana gaba ko yana baya, mutum biyu biyu ne. "Do the driver and the mechanic know?" ba "does" ba.

Akwai wurin da Turawa su kansu ba su daidaita ba, shi ne bayan "there". Namu "akwai" ba ya motsi, akwai tarakta, akwai motoci. "Fi" na Larabcin Sudan ma haka. Turanci kuwa dole a zaɓa tsakanin "there is" da "there are". In abin da ya biyo baya ɗaya ne ko jam'i ne tsantsa, babu gardama. Amma "a tractor and two lorries" fa? Lissafi ya ce "are", kunnen Bature kuma ya fi sabawa da "There is a tractor and two lorries", domin ba ya son jin "are a". Littattafan nahawu sun rabu a kai. Shawarata ga mai jarrabawa da mai rubuta rahoto ita ce ya sa jam'in a farko: "There are two lorries and a tractor." Babu mai duba takardar da zai ja wa wannan jan layi.

To, yaushe ne "and" ba ta haifar da jam'i? A nan ma Hausa ta riga ta buɗe hanya. Uwar gida ta sauke tukunya, aka ci, sai a ce shinkafa da wake ta yi daɗi. "Ta", ba "sun" ba, domin abinci ɗaya ne a kwano ɗaya. Maigida ya dawo daga kasuwa ya ce shinkafa da wake sun yi tsada, domin buhu biyu ya taya. Turanci haka yake yi sak: "Rice and beans is my favourite meal", amma "Rice and beans are expensive this year." Kalmomin ba su sauya ba, abin da ake nufi ne ya sauya. Mai karyawa da kisra da mulah zai iya rubuta "Kisra and mulah is my breakfast" ba tare da ya karya doka ba. Haka sunan ƙasa ɗaya mai "and" a ciki, kamar "Trinidad and Tobago", "is" take ɗauka, haka sunan kamfani ko na littafi. Akwai kuma kishiyar wannan, inda suna ɗaya ke rubuce amma abu biyu ake nufi. Farin riɗin Gadarif da jan riɗi ba farashinsu ɗaya ba, saboda haka "White and red sesame fetch different prices", ba "fetches" ba. Amma "A black and white cow is missing" saniya ɗaya ce mai launi biyu.

Mutum ɗaya mai muƙami biyu ya fi wannan laushi. "The owner and driver of the tractor is here" na nufin mai taraktar shi ne direbanta. "The owner and the driver are here" mutum biyu ne. Ƙaramar kalmar "the" da aka maimaita ita ce ta raba su. Kunnen Larabci ba ya jin wannan bambanci, tun da alif da lam kowane suna da nasa yake zuwa, ko mutum ɗaya ake nufi ko biyu. Hausa kuwa ta fi Turancin fayyace shi, domin kalmomi biyu ta ware. Malam kuma limamin gari ya iso. Malam da limamin gari sun iso. Inda Bahaushe zai ce "kuma", tilo ne; inda zai ce "da", jam'i ne. Sai dai kada a mai da gwajin "the" ɗin wahayi. "The father and mother are here" jam'i ne duk da "the" ɗaya ce, domin hankali ya san uba ba zai zama uwa ba.

"Every" da "each" suna warware taro su ɗauki mutane ɗai-ɗai, don haka tilo suke jawowa ko an jera sunaye goma: "Every boy and girl has a book." Wannan ba baƙo ba ne gare mu. Muna cewa kowa da kowa ya sani, ba mu ce sun sani ba, ga "da" a tsakiya kuwa.

Yanzu sai inda Hausa ke yaudarar mai ita, kuma a nan ya kamata malami ya daɗe. "Da" ɗinmu tana aikin "and", tana kuma aikin "with". Musa da Audu sun zo. Musa ya zo da Audu. Muna jin bambancin idan "da Audu" ta koma bayan aikatau. Amma da zarar ta dawo gaba, sai mu haɗa lissafi. Ka saurari labarai a rediyo, za ka ji gwamna tare da kwamishinoninsa sun isa garin, kuma babu wanda zai ce an yi kuskure. Har muna cewa "mun je kasuwa da Musa" alhali ni da Musa ne kawai muka je. Hausa mutanen da suka yi tafiyar take ƙirgawa. Turanci kuwa ginin jimla yake kallo. A wajensa "with", "together with", "along with", "as well as" da "in addition to" ba sa ƙara kowa a cikin aikau. "The governor, together with his commissioners, has arrived." Gwamna ne aikau, kwamishinoni rakiya suka yi. Kamar tarakta ce da tirela: ko buhu nawa aka loda a baya, injin da ke ja ɗaya ne.

Ɗalibi mai kaifin kai zai ɗaga hannu a nan. "Malam, ai mutum goma ne suka sauka daga mota, yaya za a ce has?" Tambayar tana kan hanya, kuma bai kamata a rufe masa baki da "haka doka ta ce" ba. A tuna masa da abin da ya karanta a Larabci. A cikin ire-iren wawu a can akwai ta aɗafi wadda ke sa na biyu ya yi tarayya da na farko a hukunci, da ta ma'iyya wadda ke nuna rakiya kawai, har sunan da ya biyo ta ya ɗauki fataha a maimakon rufu'a. "And" wawun aɗafi ce, "with" da danginta na ma'iyya ne. Yawanci ma Turanci yana killace ɗan rakiyar tsakanin waƙafi biyu. Ka rufe abin da ke tsakaninsu da yatsa, ka karanta sauran: "The governor has arrived." In mai rubutu yana son a ƙirga kwamishinonin, ƙofa a buɗe take, ya sa "and" ya rubuta "have".

"Or" da "nor" su ne inda sabon Larabci na kallon na kusa ya zama alheri. Ba tarawa suke yi ba, zaɓi suke bayarwa, saboda haka idan sunayen biyu tilo ne aikatau ma tilo ne: "Musa or Audu has the key." Idan ɗaya tilo ne ɗaya jam'i, wanda ya fi kusa da aikatau shi ke da iko. "Neither the driver nor the labourers were paid." A juya su: "Neither the labourers nor the driver was paid." Labarin ɗaya ne, ba a biya kowa ba, amma aikatau ya bi maƙwabcinsa. Na farkon ya fi daɗin ji, shi ya sa marubuta suka fi son ajiye jam'in a ƙarshe. "Not only" da "but also" ma na kusa suke bi. A tambaya kuwa, tun da aikatau ya dawo gaba, na farko ne ya zama na kusa: "Is the driver or the labourers to blame?"

Gwajin Hausa a nan sai da hattara. Wanda ya fassara "neither" da "nor" da cewa Musa da Binta ba su zo ba, "su" zai ji, ya rubuta "have". Wanda ya ce da Musa da Binta babu wanda ya zo, shi ya kama ginin Turancin: "Neither Musa nor Binta has come." Abin sha'awa shi ne mu ma "ko" tana ba mu wahala. Musa ko Binta, zai zo ne ko za ta zo? Bahaushe yakan kauce, ya ce ɗayansu zai zo. Bature ma yakan kauce idan ya haɗu da irin "Either you or I am wrong", wadda doka ta yarda da ita amma baki ke ƙyama. Sai ya ce "One of us is wrong." Sauya ginin jimla ba gazawa ba ce, rabin gwanintar rubutu ke nan.

Akwai jimlolin da "and" ke ciki amma ba ita ke riƙe da aikau ba. "The price of sesame and sorghum has risen." Ba riɗi ne ya tashi ba, ba dawa ba ce, farashi ne, kuma "price" tilo ce. In ana nufin kowanne da nasa farashin, sai a ce "The prices of sesame and sorghum have risen." A irin wannan jimla, abin da ya biyo bayan "of" bayani ne a kan sunan da ke gaba. Hausa tana taimakawa: farashin riɗi da dawa ya tashi. Kada kuwa ɗalibi ya ɗauka shi kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Kathryn Bock da Carol Miller, sun wallafa binciken da ya nuna waɗanda aka haifa da Turanci ma sukan bar sunan jam'i da ya gitta tsakanin aikau da aikatau ya janye aikatau zuwa jam'i. Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe abin da ta ji a ƙarshe. Maganinsa tambaya ce: wane ne, ko mene ne, ya yi abin? Ma'auni ma yana da nasa tarkon. Fadan, wanda ake auna gona da shi a Sudan, murabba'in mita 4,200 ne, kuma idan ana nufin faɗin fili a dunƙule sai a ce "Five feddans is enough for one family", ko da yake ga "s" a kan suna.

Yana da kyau a san cewa dokokin nan ba daga sama suka faɗo ba. Marubutan Turanci na ƙarni na 16 da na 17 sukan sa aikatau tilo bayan sunaye biyu ba tare da wani ya ɗaga gira ba, kuma har yau a wasu karin harsunan arewacin Ingila da Sukotland ana jin "s" a kan aikatau bayan sunan jam'i. Masu littattafan nahawu irin su Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795 ne suka tsara abin da makarantu suka ɗauka, suka kai shi duk inda mulkin Ingila ya kai, har Hartum da Kano. Saboda haka ɗalibi zai ji Bature a rediyo ya ce "neither" da "nor" ya bi su da "are", ya zo yana tuhumar malaminsa. Malamin bai yi ƙarya ba, Baturen ma yarensa yake yi. Amma takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki da Turancin makaranta ake auna su, kuma wanda ke neman gurbi ɗaya da mutum ɗari ba ya bukatar jan layi a sakin layinsa na farko.

A ɗauka cikin Oktoba ne, riɗi ya nuna a wata gona a Gedambaliya. Riɗi ba ya jira, in aka makara kwansonsa ya fashe ƙwayar ta zube a laka, don haka jangu, ma'aikatan kaka, suna yanka da lauje tun asuba, suna ɗaurewa dami-dami, suna jingina dammunan a tsaye su bushe. Wakilin gona, saurayi mai shahadar sakandare, zai aika wa kamfanin da ya ba da kuɗin aikin gajeren rahoto da Turanci a waya. Ga abin da ke ransa: direba tare da lebura shida suna sansani, man dizal da ruwan sha sun kusa ƙarewa, da tayoyi da batir babu wanda ya iso, kuɗin yanka da dako ya hau, kowane namiji da mace a sansanin yana son a biya shi kafin Juma'a.

Jimlar farko ita ce mai tarko, domin Hausarsa ta ce "suna". Ya rufe 'yan rakiya da yatsa: "The driver, together with six labourers, is at the camp." In kuwa yana ganin rashin adalci ne a mai da mutum shida 'yan rakiya, ya rubuta "The driver and six labourers are at the camp." Ta biyu Hausa ta ba shi amsa kai tsaye: "Diesel and drinking water are running out." Ta uku ya dubi na kusa, batir ne: "Neither the tyres nor the battery has arrived." Ta huɗu kuɗi ne ya hau, ba yanka da dako ba: "The cost of cutting and transport has gone up." Ta biyar "every" ta warware taron: "Every man and woman in the camp wants payment before Friday."

Saura guda. Yana son ya ce yanka da ɗauri zai ci, ko za su ci, kuɗi fiye da bara. "Cutting and tying costs more this year" ko "cost more"? Duka biyun Turanci ne mai kyau, amma ba abu ɗaya suke faɗa wa kamfanin ba. In jinga ɗaya aka yi da jangu, wanda ya yanka shi zai ɗaure a kan kuɗi ɗaya, aikin ɗaya ne, sai ya rubuta "costs". In kuwa masu yanka daban, masu ɗauri daban, kowane da nasa lissafin, sai ya rubuta "cost", kuma akawun da zai karanta saƙon zai san layi biyu zai buɗe a littafinsa.